Idan Linux ta ƙi ganin katin memori: abin da masu gyara a Gusau suka ce

Masu gyaran kwamfuta da masu tura waƙoƙi a Gusau sun tattauna kan laftof ɗin da aka ɗora wa Linux (manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, kamar Windows) amma ta ƙi ganin memori. Bakinsu ya zo ɗaya cewa a fara gano irin makarancin katin, wato na'urar da ake soka katin a ciki, da lsusb ko lspci, umarnin da ke jero na'urorin da ke haɗe da kwamfuta.

Wanda ake sokawa ta USB ba shi da wuya: kanel, wato zuciyar Linux, na buƙatar a kunna zaɓuɓɓukan USB_STORAGE da BLK_DEV_SD, sai katin ya fito da sunan /dev/sdb ko makamancinsa.

Na jikin laftof ne ya ja dogon zance. Sau da yawa yana bin hanyar MMC, sashen kanel mai kula da katunan memori, don haka sai an kunna MMC_BLOCK da MMC_SDHCI_PCI cikin menuconfig, wurin da ake zaɓar abubuwan da za su shiga kanel. Idan na kamfanin Realtek ne, direba biyu (manhajar da ke sa na'ura aiki) ake so, MISC_RTSX_PCI da MMC_REALTEK_PCI. Wani dattijo ya ce nan ake yawan tuntuɓe: a kunna na farko a mance na biyu, lspci na nuna na'urar, amma /dev/mmcblk0, sunan da katin ya kamata ya fito da shi, shiru. A ganina wannan shawarar ta fi kowace amfani.

An kuma ja kunne kan katin da ya haura 32GB, wanda yawanci ke zuwa da exFAT, wani tsarin ajiye fayiloli. Sai a kanel 5.4 aka shigar da exFAT, tsohon kanel zai ga katin amma shi kaɗai ya kasa buɗewa. Kada a yi gaggawar goge memorin mutane, hotunan biki na ciki. A buɗe dmesg -w, umarnin da ke nuna saƙonnin kanel, a soka katin, a karanta abin da ya fito.