Dala 40 ce a hannuna, wanne zan ɗauka cikin tarin Ace Attorney?

Abba Ƙarami:
Salam jama'a. Dan Allah shawara nake nema a kan Ace Attorney, gem ɗin nan na lauyoyi da shari'ar kisa, kafin na yi ɓarnar kuɗi. Yayana ya saka min dala 40 a akawunt ɗina na Steam, shagon sayen gem na kwamfuta, ya ce kuma daga wannan sai wata sallar, ke nan guda ɗaya tal zan iya saya. Na riga na gama ukun farko na Phoenix Wright a wayar abokina har ƙarshen Trials and Tribulations, dan haka kar a ce na koma can. Abin da ya rage min The Great Ace Attorney Chronicles dala 39.99, Ace Attorney Investigations Collection shi ma 39.99, sai Apollo Justice Trilogy 49.99 wanda kuɗina bai kai ba sai dai na jira ragi. Laftof gare ni kuma tsohuwa ce, ba ni da na'urar gem, ba Switch ba PS4. Ni zaman kotun ne yake burge ni, a tsare shaida a matse shi har ya fara zufa, yawon dube-duben nan ana danna kowane kwandon shara bai dame ni ba. Turancina na makaranta ne, ina fahimta amma idan ya yi nauyi sai na gaji. Waɗanda suka buga su gaya min gaskiya.

Sadik Kwantirola:
Fara da Phoenix Wright Trilogy ɗan'uwa, dala 29.99 ne kawai kes 14, har canji za ka samu. Duk wanda bai ga yadda aka yi wa aku tambayoyi a kotu ba bai fara komai ba.

Abba Ƙarami:
Yaya Sadik na ce na gama shi fa.

Sadik Kwantirola:
A waya ai ba bugawa ba ce. Ka same shi a Switch ka kwanta da shi a gado ka ji bambanci.

Anti Zee:
Sadik karanta kafin ka amsa mana, yaron ya ce ba shi da Switch. Abba tunda kotu kake so to ka san Investigations kusan babu zaman kotu irin wanda ka saba, Edgeworth mai gabatar da ƙara ne yake tafiya da ƙafarsa a inda aka yi kisan, cikin jirgin sama, ofishin jakadanci, gidan yari, yana haɗa hujja da hujja yana titsiye mutane a tsaye. Titsiyen yana nan, alƙali da gudumarsa ne ba ka cika gani ba. Amma gem biyu ne a tarin, na biyun cikinsa, Prosecutor's Gambit, wlh ni a wajena ya fi duk sauran iya ƙulla labari, kes biyar kuma kowanne yana riƙe da wani zare sai a ƙarshe ka ga ashe igiya ɗaya ce. A 2011 ya fito a Japan, bai samu Turanci a hukumance ba sai Satumbar 2024 da wannan tarin. Na farkon ne mai gajiyarwa, tsohon nan na kes ɗin ƙarshe ka kama shi ya zille ka kama shi ya zille har sai da na ajiye na je na ɗora tukunya.

Ɗan Damagaram:
Ni dai Great Ace Attorney nake bayansa. Kotun Landan ce ta zamanin Sarauniya Victoria, mutum shida suna zaune gaban alƙali suna yanke hukunci, idan duk suka ce mai laifi ne sai ka tashi ka haɗa su faɗa da maganganunsu har wasu su canza ra'ayi. In kotu kake so ka samu. Sai dai ka shirya haƙuri, kes na biyu gaba ɗaya a cikin jirgin ruwa yake babu shari'a ko ɗaya, kuma na farkon ma kafin a gama da shaida guda ka sha shayi ka wanke kofi. Turancinsa kuma na Ingila ne na da, yarinyar nan Gina mai yankan aljihu idan ta fara magana haruffa rabi a haɗiye suke, ni da Faransanci na yi karatu sai da na riƙa duba ƙamus, kuma Turanci da Japananci kawai ke cikinsa. Amma yadda mai gabatar da ƙara Barok van Zieks yake wa lauyanka Ryunosuke kallon raini saboda ɗan Japan ne, wanda ya taɓa zama baƙo a ƙasar wasu zai gane abin tun kafin a fassara masa.

Baban Ilham:
Ni ba zan ce maka wanne ba, abu ɗaya zan ce, tunda Allah ya ba ka akawunt naka na kanka to ka gode masa, kar wani ya ce maka zo ga mai araha. Bara wani yaro mai shago a kasuwar waya ya ce zai ba ni duka huɗun a naira dubu 9, akawunt ne nasa zai shigar min a kwamfuta na sauke, sharaɗin kawai na riƙa kashe intanet idan zan buga. Na biya ya saka min, ya yi aiki kuwa. Great Ace Attorney muka fara ni da Maman Ilham, bayan isha idan yara sun yi barci, ni ina dannawa ita tana riƙe da tsohon littafin rubutun Ilham tana rubuta sunan kowa da abin da ya faɗa, har zanen taswirar ɗakin da aka yi kisan take yi da jan biro, kuma sau da yawa ita ke gano ƙaryar kafin ni. Gem biyu ne a cikinsa, mun gama na farko mun shiga na biyu mun yi nisa sosai, kun san yadda na farkon yake barin tambayoyi a rataye sai a na biyu ake kwance su. Rannan na haɗa kwamfutar da intanet dan na tura wani aiki, da dare muka zauna na buɗe inda muka tsaya, sai ga mu a tsakiyar wata shari'a da ba mu taɓa gani ba, ga mutumin da duk labarin yake ɓoyewa tsaye a akwatin shaida ana faɗin duk abin da ya yi. Ashe yaron nan mutane da yawa ya sayar wa akawunt ɗin, ajiyar wani ce, wato inda ya tsaya a gem ɗin, ta hau kan tamu ta goge ta. Maman Ilham ta karanta layi biyu ta rufe littafinta ta tashi, har yau ko sunan gem ɗin ba ta so a ambata. Da safe na je shagon ya ce ai ya gaya min kar na kunna intanet, na ce to a mayar min da ajiyata ya ce wannan sai Allah. Bayan ɗan lokaci faswod ma ya canza, na kira ya ce sai na kawo dubu 3 kuɗin sabuntawa, sabunta me? Na ce ya ba ni kuɗina ya ce kaya sun riga sun fita. Yanzu haka shagon wani mai sayar da caja ne a ciki, lambarsa kuma kullum a kashe. Ba dubu taran ce ke ci min rai ba, labarin da aka ɓata mana ne, wannan ko na saya da kuɗina yau ba zai dawo ba.

Shamsu Dariya:
Baban Ilham da ka tsaya ƙofar shagon ka miƙa yatsa ka daka masa Objection irin na lauyoyin gem ɗin, wlh hular kansa sai ta tashi sama kamar gashin mai gabatar da ƙarar nan Winston Payne 😂

Baban Ilham:
Shamsu ba abin dariya ba ne.

Shamsu Dariya:
Tuba nake Yallaɓai. Amma littafin Maman Ilham ɗin a ajiye shi, hujja ce.

Hafsat M.:
Innalillahi, dubu 9? Ni dubu 4 aka ce min irin wannan akawunt ɗin, har da wasu gem a kai. An cuce ka sau biyu Baban Ilham.

Sadik Kwantirola:
Dubu 4 a ina? Ni dubu 15 na ji ana faɗa. Kuma duk wannan wahalar ta me ce, Trilogy na farko ina ganinsa yana sauka dala 10 lokacin ragi.

Anti Zee:
Ni 14.99 na saye shi.

Ɗan Damagaram:
Dukanku kuna da gaskiya, ragin ba iri ɗaya ba ne kowane lokaci. Abba ka duba kuma, masu akawunt ɗin Amurka wasu jihohin ana ɗora musu haraji a kan 39.99 ɗin, sai ka ga dala 40 ba ta isa ba.

Hafsat M.:
Ni ban taɓa biyan haraji ba ko sau ɗaya.

Barista Jiran Gado:
Baban Ilham kana da rasit ko shaidar tiransifa? In babu to magana ta yi wuya, kuma shi kansa cinikin ya saɓa ƙa'idar masu manhajar, ka ga da wace fuska za ka kai ƙara. Abba kai kuma tunda zaman kotu ke burge ka kar ka ɗauka haka ake yi. Shari'ar kisa a kwana uku, mai gabatar da ƙara tana zane alƙali da bulala, lauya yana kwaso hujja a aljihu daga inda aka yi laifi. Shu Takumi da ya ƙirƙiro shi a 2001 ana cewa tsarin Japan yake wa shaguɓe, inda sama da kashi 99 cikin ɗari na waɗanda aka gurfanar ake samu da laifi, shi ya sa kullum kai ne a ƙasa. Apollo Justice ya fito 2007, ƙarshensa gwajin shigo da talakawa cikin yanke hukunci ne, Japan ɗin kuma ta fara irin wannan tsarin da gaske a 2009. Dan haka ni Apollo zan ce ka jira.

Fa'iza 3DS:
Barista da girmanka, ka buga shi kuwa ko a YouTube ka kalla? Dan ranar nan kai ka ce ba ka taɓa riƙe kwantirola ba.

Barista Jiran Gado:
Na kalla daga farko har ƙarshe. Gem ɗin da kusan duk karatu ne, meye bambancin?

Fa'iza 3DS:
Bambancin shi ne ba ka taɓa sanin amsar ba amma gem ɗin ya ƙi karɓa sai ka bi ta hanyar da yake so, alƙali yana zabtare maka maki har ya yanke wa mutuminka hukunci. Wanda bai ɗanɗani wannan ba bai kamata ya ba da shawarar kashe dala 50 ba. Ni tun a DS, ƙaramar na'urar gem ta hannu, na fara, lokacin da sai ka hura makirfon da bakinka hodar zanen yatsa ta tashi. Apollo Trilogy kes 16 ne har da na kifin nan orka da ake tuhuma da kisa da na bikin aure, waɗanda da sai ka saya daban, kuma ya yi kyau a babban allo ba ƙarya. Amma Dual Destinies, na biyu a tarin, ya cika sauƙi, kafin ka yi tunani an gaya maka abin da za ka nuna, kuma abin da Apollo Justice ya gina sai suka yi kamar ba a yi ba. Spirit of Justice, na ukun, ya fi shi, musamman inda ake kallon abin da mamaci ya gani na ƙarshe a cikin ruwa. Laftof ɗinka kuma Abba, wannan ne ya fi nauyi a cikinsu.

Sadik Kwantirola:
To Hajiyar DS, mu da muka fara 2019 ba mu da bakin magana ke nan?

Fa'iza 3DS:
Kana da shi, bayan ka karanta tambayar.

Anti Zee:
Ku bar faɗan nan. Abba Investigations yana da demo, wato ɗan ɗanɗano, kyauta, sauke ka gani ko laftof ɗin za ta ɗauka. Kuma Steam suna mayar da kuɗi in ba ka wuce awa biyu kana bugawa ba cikin kwana 14.

Ɗan Damagaram:
Awa biyu a Great Ace Attorney ko kes na farko bai gama ba 😅

Abba Ƙarami:
Na gode, amma yanzu ɗaya ya ce Landan, ɗaya Edgeworth, ɗaya na jira. Wanda ya buga biyun a tsohuwar laftof ba ko ɗaya?

Kawu Mudi:
Ni abin da ya ƙona min rai da Investigations ɗin nan sunaye ne. Mun buga fassarar da masoya suka yi kyauta shekaru, mun saba da Sebastian Debeste da Justine Courtney da Raymond Shields, yanzu an wayi gari wai Eustace Winner, Verity Gavèlle, Eddie Fender. Eustace kuma! Sabon zanen mutanen ma ban so shi ba, gara da suka bar maɓallin komawa tsohon, abin da ba su yi wa Trilogy na farko ba.

Hafsat M.:
Kawu wanda bai buga waccan ba ina ruwansa da Debeste.

Kawu Mudi:
Ruwana ne ni. Kuma ku duba, 2019 tari, 2021 tari, 2024 tari har biyu. Spirit of Justice tun 2016, na biyun Great Ace Attorney 2017, tun daga nan tsohon tuwo ake ta ɗumama mana muna biya.

Fa'iza 3DS:
Ɗumamen nan dai shi ya ceci wasu Kawu. Dual Destinies da Spirit of Justice na Turanci ba su taɓa fita a kati ba, saukewa kawai, kuma an rufe shagon 3DS, na'urar da suka fara fita a kai, a Maris ɗin 2023, ba dan tarin ba da samunsu ta halal ya yi wuya. Ni wanda nake jira ma su ɗumama shi ne Professor Layton vs. Phoenix Wright, yana nan maƙale a 3DS, ga shari'ar mayu a ciki ana titsiye shaidu da yawa lokaci guda tun kafin Great Ace Attorney ya yi.

Kawu Mudi:
Wannan da hannun wani kamfani daban, Level-5, a ciki, sai kamfani biyu sun zauna. Ki ci gaba da jira.

Baban Ilham:
In ya fito dai kar wanda ya saya a hannun masu shago.

Shamsu Dariya:
Fa'iza ki ara min 3DS ɗin mana na buga Layton ɗin, sati ɗaya kawai.

Fa'iza 3DS:
Wanda na ara wa na ƙarshe da karyayyen murfi ya dawo min da ita, batirin ma ya kumbura. Kawu kai da ka san 'yan gyara, akwai inda ake samun batirinta na asali ko duk jabu ne?