Tattabaruna Sun Ƙi Zaman Sabon Gida

Assalamu alaikum. 'Yan uwa masu kiwon tattabaru, ku taimaka min da shawara. Sati uku ke nan da muka tashi daga Fagge zuwa Rijiyar Zaki. Na kulle su a akurki kwana 10, ga dawa ga ruwan kanwa, amma ina buɗewa guda shida suka koma tsohon gida, sai da maƙwabcinmu na da ya kamo min su da daddare. Sauran ba sa cin kirki, ɗaya ma ta tashi daga kan ƙwanta. An ce in fige musu gashin fiffike, ni kuwa tausayi ya hana ni. In tsare su har su ƙyanƙyashe a nan, ko akwai wata dabara?