Shawarwari Kan Gurɓacewar Iska a Ƙauyukanmu

A tattaunawar da aka yi tsakanin manoma, ma'aikatan lafiya da malaman makaranta a wani ƙauye na yankin Kura, an fi jan hankali kan hayaƙin girki, domin matar da ke hura wutar itace ko kara a rufaffen madafi, da goyo a bayanta, ta fi kowa shaƙar sa. Shawarar ita ce a riƙa girki a fili ko a buɗe taga, a busar da itace sosai, a kuma daina kunna wuta da leda ko tsohon silifa, abin da ya zama ruwan dare.

An kuma ja kunnen masu ƙona tattakar shinkafa bayan girbi, aka ce gara a ba dabbobi ko a mayar da ita taki. Janareta kuwa, kada a kusantar da shi ɗakin kwana.

Ƙurar hunturu, wadda yawancinta ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ba ta hanuwa, sai dai masu asma da tsofaffi su sa takunkumi, su rage fita idan hazo ya yi kauri.

Batun awon gurɓacewar iska ne ya ɗan jawo gardama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade a 2021 cewa ƙananan ƙwayoyin ƙura na PM2.5 kada su wuce maikirogiram 15 a kowace mita kubik ta iska a matsakaicin yini. Ƙananan na'urorin awo masu araha suna aiki da sola, amma ƙura na toshe su, laimar damina kuma na sa su nuna adadin da ya zarce na gaskiya. Saboda haka, a ganina, sanya su a asibitin shakatafi ba zai wadatar ba sai an naɗa mai goge su, ana kuma gwada su da ingantacciyar na'ura lokaci-lokaci.