Wace kalma za mu sa wa "counter-revolution"?

Mai fassara, Agege: Jama'a, "juyin juya hali" ya zauna a bakinmu, amma abin da ke tasowa don rushe shi, kowa da tasa fassarar. Ina jin "zagon ƙasa", ina jin "tayar da ƙayar baya". Wanne ya fi?

Malamin tarihi, Idi-Araba: Malam, duka biyun sun gaza. Zagon ƙasa a ɓoye ake yinsa, ƙayar baya kuwa kowane ɗan tawaye yana tayarwa. Nan ana nufin waɗanda juyin ya raba da mulki ko filaye su yunƙura su maido da tsohon tsari. Kuma ba lallai da bindiga a fara ba. A Rasha a 1917 ma'aikatan gwamnati da na babban banki yajin aiki suka shiga, fadar mulki na hannun 'yan Bolshebik da suka yi juyin, makullin baitulmali na hannun wasu. Yaƙin basasa daga baya ya zo. Tsaka mai wuyar ke nan: ka kori tsoffin ma'aikata, ba mai sanin littafin haraji da albashi, ka bar su, takarda ta yi ta kwana a tebur.

Hajiya, Obalende: To "juyin martani" fa, Malam?

Malamin tarihi: Hajiya, a bar wannan wa juyin mulkin da ya amsa wani, kamar na Najeriya na 29 ga Yuli 1966 da ya biyo na 15 ga Janairu. Soja ne ya ture soja.

Ɗan jarida, Mile 12: Mu ɗauko daga tufka da warwara: "warwarar juyi", masu yi kuma "'yan warwara". Ta fi domin mai warwara yakan zauna kusa da mai tufka. Thomas Sankara na Burkina Faso ya hau mulki a 1983, aka kashe shi 15 ga Oktoba 1987, abokinsa Compaoré ya gaje shi ya kira abin "gyara".

Hajiya: Ta yi, amma a kula. Gwamnatin juyi takan liƙa wa duk mai ƙorafi wannan suna. Ta Sankara ma ta kori malaman makaranta da suka yi yajin aiki a 1984. In zargi ne, a rubuta "waɗanda gwamnati ta kira 'yan warwara".

Mai fassara: Na karɓa, da sharaɗin Hajiya. Tilo kuma "ɗan warwara", mace "'yar warwara".