Zakaran buhunmu: a cire shi ko a bar shi?

Sakatare: Salamu alaikum. Buhunan da ƙungiya ta bugo bara sun kusa ƙarewa. Kafin a koma wurin mai bugawa a birni, ga maganar da ɗan Alhaji Ma'aji ya kawo: a cire zakaran da ke jikin buhun shinkafarmu, a sa haruffa uku da zangarniya ɗaya. Ya ce tsohon tambari korar masu saye yake yi. Kowa ya faɗi nasa.

Ɗan Ma'aji: Iyayena, ku yi haƙuri da ƙuruciya. Na kai samfur wani babban kanti a Zoo Road cikin Kano, manajan ya yaba shinkafar, ya kalli buhun ya ce kamar na abincin kaji. Manyan kamfanoni ma sabuntawa suke yi. MTN ta sauya tambarinta a 2022, NNPC ma a shekarar ta sauya.

Baba Mai Inji: Yaro, MTN ta sauya zane, amma ta taɓa ruwan ɗorawarta? Tun daga nesa ka hango rumfar mai kati ka san ta wace ce. Ai launin ta riƙe. Kai kuma wuƙa za ka sa wa zakaran gaba ɗaya.

Hajiya Mai Awo: Ni da nake zaune gaban kwano a kasuwar Kura bari in gaya muku. Babu wadda ta taɓa zuwa ta kira sunan ƙungiyarku, ni kaina sai na yi tunani nake tuna shi. "Hajiya a auna min mai zakara," shi ke nan. Matar da ke cikin gida yaro take aikowa, yaron bai iya boko ba, hoto aka kwatanta masa. Haka ake sayen sabulu mai agwagwa da magi mai tauraro. Kuma in na naɗe bakin buhu ya yi ƙasa, rubutun sama duk shigewa yake, ƙafafun zakaran da jelarsa kaɗai ake gani, da su ake gane ta.

Malam na Firamare: Hajiya ta yi gaskiya, amma mutane na sabawa. Layin da ke wayata Econet na saye shi, ya koma Vmobile, ya koma Celtel, ya koma Zain, a 2010 ya zama Airtel. Ban yar da shi ba.

Baba Mai Inji: Allah gafarta Malam, lambarka ce ta riƙe ka. Shinkafa ba ta da lamba, in ba a ga taka ba ta kusa da ita za a auna. Su kuma masu kamfanin ne suka yi ta sauyawa, dole suna ya bi su. Mu wa ya saye mu? NEPA tun 2005 aka sauya mata suna, har yau in wuta ta zo me yara ke ihu?

Direba: Ko jam'iyyar da muka sani da kwandon kayan marmari da ta koma littafi da hular digiri a 2024, sai da aka yi ta bi ƙauye-ƙauye ana nuna wa tsofaffi inda za su dangwala.

Sakatare: Direba, ban da siyasa a nan don Allah.

Ma'aji: Ba don ɗana ne ya kawo ba, amma akwai abin da ba a taɓo ba. Fankon buhunmu saye ake yi. A zuba karyayyiya mai tsakuwa, a ɗinke, a kai kasuwannin ƙauye a ce mai zakara ce. Watan jiya wata mata ta dawo min da rabin buhu tana faɗa, na duba ɗinkin, farin zare ne, mu kuwa da shuɗi muke ɗinki. In muka fito da sabon buhu, tsofaffin da suka tara sun tashi a banza.

Hajiya Mai Awo: Na wata nawa, Alhaji? Sabon ma ci za a yi a sayar da fankon. Ku riƙa karɓar fanko kuna rage wa mutum wani abu a kuɗin sabo, ku ga ko zai kai wa ɗan jabu.

Ɗan Ma'aji: To Hajiya, a bar zakaran amma a sake zana shi. Na yanzu wuyansa kamar na agwagwa, jan kuma wata ɗaya a rana ya koma ruwan hoda. A rage launi daga huɗu zuwa biyu, mai bugawa da yawan launi yake yanka kuɗi. A ƙara lambar waya a ƙasa, inda naɗi ba ya rufewa.

Baba Mai Inji: Ni na biya wanda ya zana wuyan nan, kuma da shi aka aurar da 'ya'ya. Amma in jan zai daina koɗewa ban ƙi ba. Sharaɗina ɗaya, ya ci gaba da kallon dama.

Malam na Firamare: Baba, in ya kalli hagu me zai faru?

Baba Mai Inji: Sai a ce jabu ne.

Hajiya Mai Awo: Ku bugo guda ashirin kawai tukuna. In jera sabo da tsoho ranar kasuwa, in yi shiru, mu ga wanda yaran aike za su nuna da yatsa.

Sakatare: An rubuta. Ma'aji, nawa ne kuɗin ashirin ɗin?

Ma'aji: Mai bugawa ba ya kunna inji a ƙasa da buhu 500.