An ce in ɗaga 37 zuwa 40, waɗanda na kama da satar amsa kuma shiru. Me zan yi?

Malamin Kimiyya:

Assalamu alaikum. Ina koyarwa a wata kwalejin ilimi ta jiha, kuma shawarar magabata nake nema, don abin ya fara hana ni barci.

Tsarin NCE, wato karatun takardar shaidar malanta, kowa ya san shi: maki 40 na CA (gwaje-gwaje da ayyukan da ake yi cikin zango), 60 na jarrabawa, wanda jimillarsa ba ta kai 40 ba ya faɗi. Zangon da ya wuce na ba 'yan aji biyu aikin gida. Da na zo dubawa sai ga amsa iri ɗaya a takardu rututu, har kuskuren lissafin ma a layi ɗaya yake. Wasu kuma ChatGPT ne ya rubuta musu, Turanci tsaf, alhali in na tsayar da su a aji ba sa iya haɗa jimla biyu. A ɗakin jarrabawa na kama uku, ɗaya da takarda cikin hula, biyu da waya cikin safa. Na cike fom, sun sa hannu, na miƙa wa jami'in jarrabawa. Har yau kwamiti bai zauna ba. Wayata ce dai ba ta huta ba: kawuna ya kira, wani dattijon unguwa ya zo har gida, wai ɗayan maraya ne, in rufa masa asiri.

Sai ga taron sashe. Shugabanmu ya ce faɗuwa ta yi yawa a kwas ɗina, sama ba za su karɓi sakamakon haka ba. In mayar da duk mai 37 zuwa 39 ya zama 40, sauran waɗanda suka faɗi in duba CA ɗinsu in "taimaka". Akwai yarinyar da ke zuwa daga ƙauye a bayan a-kori-kura, ba ta taɓa fashi ba, ta samu 43 da guminta. Yanzu ita da wanda ya kwafa za su tashi da E iri ɗaya, wato matakin ƙarshe na waɗanda suka ci. Wannan ne ke ci mini rai.

In sa hannu ko in ƙi? In na ƙi, me zai biyo baya?

Tsohon Lakcara:

Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka sa hannu a kan makin da ba kai ka bayar ba. Amma kada ka yi faɗa a taro, ba ya haifar da komai sai a ce ba ka da ladabi. Rubuta wa shugaban sashe takarda cikin girmamawa, ka haɗa da ainihin sakamakon da tsarin da ka bi wajen ba da maki, ka ajiye kwafi a gida. Idan majalisar malamai ta ga dalilin ƙara maki, to ta ƙara wa kowa daidai, a rubuta a bayanan taro da sunanta. Wannan daidaitawa ce, an san ta. Zaɓar waɗanda za a tsallakar a ɓoye kuwa ha'inci ne, kuma ranar da aka zo bincike sa hannunka za a gani, ba bakin da ya umarce ka ba. Dokar magudin jarrabawa ta 1999 ta tanadi ɗaurin shekara uku ga ɗalibi, malami kuwa huɗu ba zaɓin tara. Ba a cika aiki da ita ba, amma tana nan.

Abin da zai biyo baya? Za a iya ƙwace maka kwas ɗin, ƙarin girma ya yi jinkiri, wasu su daina amsa gaisuwarka da fara'a. Ka shirya wa wannan.

Ɗalibar NCE 3:

Allah ya gafarta Malam, ba kare satar amsa nake ba, amma a ji ta bakinmu. Muna zama ɗaruruwa a ɗaki ɗaya, na baya ba sa jin komai. Wasu malaman sau uku ko huɗu za mu gan su a zango, sai su kawo handawut, wanda bai saya ba ya san CA ɗinsa ya tafi. Yaron da ya ga haka ta yaya zai yarda maki na gaskiya ne? Da yawanmu kuma tun a sakandare malamai ke rubuta mana amsar WAEC da NECO a allo, iyaye ne suka biya kuɗin. Mun zo nan ba mu san wata hanya ba.

Hedimistires:

'Yata, duk abin da kika faɗa haka yake, amma mu ake turo wa waɗanda aka tsallakar. Ina da malamai masu takardar NCE da ba zan iya ba su aji huɗu ba, don rabawa mai saura tana ba su wuya. Ku tuna Kaduna a 2017: malaman firamare sama da 21,000 suka kasa jarrabawar 'yan aji huɗu. Ana ta zagin malaman, ba wanda ya tambayi wa ya sa hannu a sakamakonsu. Malam, marayan da ake roƙar maka in ya maimaita kwas shekara ɗaya ya rasa. In ka sake shi, yara sittin zai tsaya a gabansu kowace shekara, cikinsu akwai marayu.

Malamin Kimiyya:

Na gode, Allah ya saka da alheri. Baba, zan rubuta takardar a daren nan. Ɗalibarmu, ban taɓa sayar da handawut ba, amma maganarki ta girman aji gaskiya ce. Zango mai zuwa na daina aikin gida, CA a cikin aji za a yi, rukuni-rukuni, ko da zai cinye mini ranakun Asabar. Saura batun ukun nan: wa ya kamata in rubuta wa tuni, jami'in jarrabawa ko rijistara kai tsaye?