Abin da aka tattauna kan kitsen omega ga mai ciki da jariri

1. An haɗu a kan cewa jiki ba ya ƙera omega-3 da omega-6, sai an ci.
2. Watanni 3 na ƙarshe ɗan tayi ya fi jan DHA, wani nau'in omega-3, ta mabiyiya, don ƙwaƙwalwa da ido. Bayan haihuwa kuma daga nono.
3. Don samun omega-3, mai ciki ta ci kifi mai maiƙo, sadin ko titus, sau 2 a mako. Omega-6 kam ba a rasa shi, ga man gyaɗa, ga riɗi.
4. Saɓanin yana kan ƙwayar man kifi. Wasu sun ce abinci ya wadatar, wasu sai an ƙara. Ni dai a tambaya wajen awo. Man hantar kifi kuwa a ƙaurace masa, bitamin A ɗinsa ya yi yawa.